Baƙon da aka hana mafaka: kotu za mu kai, ko ɓoye shi za mu ci gaba da yi?

Iyayenmu sarakunan Hausawa, malamanmu, shugabannin kasuwa da sauran 'yan uwa na Anacha, Inugu da Fatakwal, barkanmu da war haka.

Maganar da muka kawo yau a zamanmu na ƙarshe ta taso, kuma ba a tashi baki ɗaya ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu shimfiɗa ta a nan, kowa ya karanta a tsanake, wanda ba ya karatu a karanta masa, kafin zama mai zuwa.

Akwai wani bawan Allah a cikinmu, ba za mu faɗi sunansa ko rumfar da yake kwana ba. Bahaushe ne, amma haifaffen Bangui ne, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, a unguwar da ake kira PK5, inda kakansa ya sauka da fatauci tun zamanin Turawa. Duk mai sauraron rediyo ya san abin da ya faru a can daga ƙarshen 2013 zuwa 2014, lokacin da mayaƙan anti-balaka suka tasa Musulmin ƙasar a gaba, dubbai suka tsere Chadi da Kamaru. Shi ta Garoua-Boulai ya fita. Ya yi shekaru yana faɗi-tashi a Kamaru, daga bisani ya biyo motar kaya ya iso wurinmu, yana dako a kasuwa. Wani ya ba shi shawara ya nemi takardar mafaka, ya kuwa nema, aka sa masa ranar ganawa. Mu muka haɗa masa kuɗin mota. Mu kuma muka haɗa shi da yaron da zai yi masa tafinta, ɗalibi mai natsuwa, sai dai bai taɓa shiga irin wannan zama ba.

Da aka tambaye shi me ya kawo shi Najeriya, sai ya ba da amsar da kowane Bahaushe zai ba wanda bai sani ba: ya zo neman abinci. Bai faɗi yadda aka ƙone shagonsa ba. Bai faɗi inda ya bar gawar ƙanensa ba. Kawaici ya hana shi, yaro kuma ya fassara abin da kunnensa ya ji. Bayan wani lokaci takarda ta iso da Turanci, tambarin gwamnati a sama, hatimi a ƙasa. Mutumin nan ya ga tambari ya yi hamdala, ya naɗe ta a leda ya zura a aljihun ciki. Wata huɗu yana yawo da ita a matsayin izinin zama. Sai ranar da aka tsayar da motarsu a wani shinge, ya zaro ta da ƙarfin gwiwa ya miƙa, wanda ya karɓa ya karanta ya ce masa ai wannan takarda cewa take ba a amince da buƙatarka ba.

Abin da ya biyo baya kowa ya san shi, don mun saba. Waya ta yi ta yawo, aka yi karo-karo, dattawa biyu suka je, aka sasanta, aka dawo da shi da daddare, aka ja masa kunne kada ya sake hawa mota ya bar gari. Muka watse muna ganin mun yi aikin lada. Gaskiyar magana kuwa, daga rumfar da yake kwana zuwa ofishin ƙungiya ba ta kai tafiyar minti biyar ba, kuma a wata huɗun nan babu ɗayanmu da ya ce masa kawo takardar mu gani. Wannan laifin namu ne, ba mu da wanda za mu jingina wa.

To me ya wuce shi a wata huɗun? Nan ne ya kamata mu fahimci yadda abin yake tafiya.

Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Geneva ta 1951 kan 'yan gudun hijira, da kuma ta ƙasashen Afirka wadda aka ƙulla a Addis Ababa a 1969. Ta 1951 tana kare wanda ke tsoron a zalunce shi saboda addininsa, ƙabilarsa, ƙasarsa, ra'ayinsa na siyasa ko rukunin mutanen da ya fito. Ta 1969 ta fi faɗi, domin ta haɗa da wanda yaƙi, mamaya ko babbar tarzoma suka tilasta wa barin gida, ko da ba shi aka nufa da sunansa ba. Babu ko ɗaya a cikinsu da ta san neman abinci. Kun ga ke nan da bakinsa, cikin ladabi, mutuminmu ya faɗi kalma ɗaya tak da doka ba ta karewa, ya haɗiye duk waɗanda take karewa.

A 1989 gwamnatin soja ta Babangida ta kafa hukumar kula da 'yan gudun hijira ta ƙasa da doka mai lamba 52, wadda daga baya aka faɗaɗa aikinta ya haɗa da baƙin haure da waɗanda rikici ya raba da gidajensu a cikin gida. Tsarin da tsohuwar dokar 1989 ta shimfiɗa mai sauƙin ganewa ne. Kwamitin tantancewa ya duba buƙata. In ya ƙi, dole a sanar da mutum a rubuce, kuma a faɗi dalili. Daga ranar da aka sanar da shi yana da kwana 30 ya kai kuka gaban kwamitin ɗaukaka ƙara na 'yan gudun hijira, kuma muddin ana jiran wannan hukunci yana da izinin zama a ƙasa. Ko a can ya faɗi, dokar ta ce a ba shi lokaci ya nemi wata ƙasar da za ta karɓe shi. Kwana 30 ɗin nan su ne suka ƙare a cikin leda.

Bayan wannan ƙofa akwai ta biyu, ita ce kotu, kuma ita ce muka fi jahilta. Sashe na 251 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba Babbar Kotun Tarayya hurumin sauraron duk abin da ya shafi zama ɗan ƙasa, baƙi, shige da fice da korar wanda ba ɗan ƙasa ba, da kuma ƙarar da ke ƙalubalantar matakin wata hukumar tarayya. Kotun nan tana zama a Fatakwal, tana zama a Inugu, mutanen Anacha kuma tasu tana Awka. Ba sai an je Abuja ba.

Amma a fahimta da kyau, don kada wani ya je ya sayar da akuyarsa a kan abin da bai gane ba. Idan aka roƙi kotu ta yi bitar matakin da hukuma ta ɗauka, alƙali ba zai zauna ya sake auna labarin mutum ya ce na ba ka mafaka ba. Ba aikinsa ke nan ba. Abin da zai duba shi ne hanyar da aka bi. Shin an saurari mutumin? Ya fahimci abin da ake tambayarsa? An ba shi dalilin ƙi? Wanda ya yanke shawarar yana da ikon yankewa? An yi aiki da ma'anar da doka ta bayar, ko an manta da yarjejeniyar 1969 an tsaya kan ta 1951 kaɗai? In alƙali ya ga an kauce, sai ya soke matakin ya ce a koma a sake daga farko. Mai yiwuwa a sake, a kuma ƙi. Wani zai ce to ina amfanin? Amfanin shi ne a karo na biyu mutum zai shiga da lauya, da tafinta na gari, da labarinsa cikakke. Kuma tun ranar shigar da ƙara lauya na iya roƙon umarnin kada a fitar da shi daga ƙasa har sai an gama shari'a. Ita ma wannan ƙofa tana da wa'adi, wata uku ne a ƙa'idar kotun. Wanda ya makara sai dai ya roƙi ƙarin lokaci, roƙo kuwa ba haƙƙi ba ne, alƙali na iya bayarwa yana iya hanawa. A kan wannan gaɓa lauyan da muka nema wa mutuminmu yake aiki yanzu.

Ba a nan kaɗai ake wannan tseren da kwanaki ba. A Ostareliya wanda aka hana bizar kariya yana da kwana 35 ya kai maganar kotun tarayya, a Kanada kwana 15 ne ga wanda ke cikin ƙasar. Masu 'ya'ya ko ƙanne a waje su isar musu.

A zaman da ya wuce, ɗaya daga cikin iyayenmu, mutumin da ya fi shekara arba'in yana harkar shanu a kudu, ya yi tambayar da ta sa ɗakin ya yi tsit. Ya ce: "Sakatare, kotun nan da kuke ta faɗa, mutanen Kamaru da aka kwashe a Abuja ai sun ci shari'a. An dawo da su?" Amsa ita ce, Baba, ba a dawo da su ba. Kuma tunda ya kawo misalin, bari mu faɗe shi dalla-dalla, don shi ne mafi kusa da abin da muke magana a kai.

Ranar 5 ga Janairun 2018 jami'an tsaro suka kama Sisiku Julius Ayuk Tabe, jagoran masu neman ɓalle yankin Kamaru mai magana da Turanci, tare da wasu abokansa a otal ɗin Nera da ke Abuja. Kafin watan ya ƙare an miƙa mutum 47 ga gwamnatin Kamaru. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito fili ta ce mafi yawansu sun riga sun shigar da buƙatar mafaka, kuma mayar da su ya saɓa wa ƙa'idar da ta hana a mayar da mutum inda ake farautar ransa. Lauya Femi Falana ya kai ƙara. Ranar 1 ga Maris 2019 Mai Shari'a Anwuli Chikere ta Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa tsarewar da korar duk sun saɓa wa doka, ta ba da umarnin a biya diyya kuma gwamnati ta dawo da su. A watan Agustan wannan shekarar kotun soja a Yaounde ta yanke wa Ayuk Tabe da mutum tara ɗaurin rai da rai.

Ba ruwanmu da ko ɓallewar tasu daidai ce ko kuskure, wannan maganar mutanen Kamaru ce. Abin da ya shafe mu shi ne abin da shari'ar ta nuna, kuma abu biyu ta nuna. Na farko, alƙalin Najeriya zai iya duban gwamnatin tarayya ya ce mata kin karya doka a kan baƙo, wanda ba shi da ƙuri'a, ba shi da gwamna, ba shi da sanata. Na biyu, hukuncin ya zo bayan wata goma sha uku da ƙetare iyaka, ya zama ihu bayan hari. Alƙalin Abuja ba shi da iko da kurkukun Yaounde. Baba ya ɗauki na biyun ya ce kotu ba ta da amfani. Mu kuwa da girmamawa muna cewa abin da ya nuna shi ne kotu tana da amfani kafin mota ta tashi, ba bayan ta tashi ba. Waɗancan an ɗauke su ne a ɓoye, an hana su ganin lauya. Mutanenmu kuwa galibi takarda ake ba su a hannu, da kwanaki a gaba. Zarafin da waɗancan suka rasa, mu muna da shi, muna barin sa yana ruɓewa.

A Kenya an ga yadda abin yake in an riga mota. Gwamnati ta sanar a 2016 cewa za ta rufe sansanin Dadaab ta mayar da Somaliyawa gida, masu kare haƙƙi suka garzaya kotu, a Fabrairun 2017 Mai Shari'a John Mativo ya soke matakin tun mutanen suna cikin ƙasar. Nan gida ma, lokacin da Obasanjo ya ba Charles Taylor mafaka a Kalaba a 2003, 'yan Najeriya biyu da 'yan tawaye suka nakasa a Saliyo sun je Babbar Kotun Tarayya suna neman a yi bitar mafakar, kotu kuma ta ce suna da hurumin a saurare su. Wato ko bayarwa aka yi ko hanawa, ba a ɗauki maganar mafaka a matsayin abin da ya fi ƙarfin alƙali ba.

Sai ƙorafi na biyu, wanda ba a faɗa da ƙarfi a zaman ba amma an faɗa a bakin masallaci bayan an tashi. Cewa ake: mu kanmu a nan a ɗofane muke. Kullum ana kallonmu da zargi, an ce muna shigo da baƙi, an ce muna ɓoye miyagu. Yanzu kuma mu ɗauki kuɗin ƙungiya mu tsaya wa mutumin Bangui a kotu, sunanmu ya shiga jarida? Ba mu raina wannan tsoro ba, mun san inda ya samo asali. Amma a duba da kyau, wanne ne ya fi kama da ɓoye miyagu: mutumin da muka ajiye a bayan rumfa ba takarda, muna hana shi fita, ko mutumin da sunansa da hotonsa da adireshinsa ke gaban alƙali, lauya na tsaye a kansa? Ranar da aka zo samame, wanne Sarkin Hausawa zai iya karewa da bakinsa? Ɓoyewar ce take ba masu zarginmu hujja. Sasantawa kuma ba ta ƙarewa. Wanda aka karɓa a hannunsa yau an san fuskarsa, gobe ma za a tare shi.

Kuma wai a cikinmu wa ya tabbata ba za a taɓa ce masa baƙo ba? Matasa ba su san labarin Shugaba Abdurrahman Darman ba, ya kamata su sani. Shi ne shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno a ƙarƙashin jam'iyyar GNPP. A watan Janairun 1980, zamanin Shagari, ministan harkokin cikin gida Bello Maitama Yusuf ya sa hannu a takardar korarsa, jami'an shige da fice suka ɗauke shi daga Maiduguri suka tsallaka da shi Chadi, wai ba ɗan Najeriya ba ne. Zaɓaɓɓen ɗan majalisa ke nan, mai gida da iyali da magoya baya. Abin da ya dawo da shi ba zanga-zanga ba ce, ba kuma sasantawa ba. Babbar Kotun Maiduguri ce ta saurari shaidu, ta tabbatar ɗan ƙasa ne, ta soke korar, ta sa a biya shi diyya, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta tabbatar da zamansa ɗan ƙasa. In an iya yi wa mai wannan matsayi haka, ina ga mai tura baro a Bridge Head wanda ko katin ɗan ƙasa bai yi ba?

Mun kuma ga irinta a kan hanyarmu. A watan Yunin 2014 sojoji suka tare jerin motoci a jihar Abia a kan titin Inugu zuwa Fatakwal, suka tsare mutum 486 'yan arewa bisa zargin Boko Haram. Daga baya aka saki mafi yawansu. Wanda ke tsaye a shinge ba ya bambance Hausar Daura da ta Damagaram, balle ta Bangui. Riga ɗaya yake gani, hula ɗaya. Don haka lauyan da ya san hanyar fito da baƙo, shi ne dai zai fito da ɗan Jigawa. Kundin tsarin mulki ma a nan bai raba ba. Sashe na 35 da ya hana tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, da na 36 da ya wajabta a saurari mutum kafin a yanke masa hukunci, kowane mutum suka ce, ba ɗan ƙasa kaɗai ba. Sashe na 35 ya ce a sanar da wanda aka kama dalili a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, a kuma kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Sashe na 41 ne ya keɓe ɗan ƙasa, inda ya ce ba a korarsa daga Najeriya. Yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka, wadda Najeriya ta mayar dokar cikin gida tun 1983, ta ƙara da haƙƙin neman mafaka, ta kuma haramta korar baƙi a dunƙule.

Korar dunƙule kuwa mun ɗanɗana ta daga ɓangarorin biyu. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Ghana, mutanen zango da dama da aka haifa a can suka dawo ƙasar da ba su taɓa gani ba. A Janairun 1983 mu ma muka rama a kan wasu, aka kori mutum fiye da miliyan ɗaya, har da 'yan Nijar da Chadi. A Janairun 2019, bayan harin Rann, Kamaru ta mayar da 'yan Najeriya kusan 9,000 da suka tsallaka neman tsira. Yau ɗin nan akwai dubban mutanen Sakkwato, Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka kora, suna zaune a jihar Maraɗi a kan irin wannan doka da muke ganin ba ta shafe mu ba. Mutanen Anacha kuma ba sai an tuna musu Fabrairun 2006 ba, lokacin da rikicin da ya faro daga Maiduguri ya iso nan, wasu suka kwana a barikin soja, wasu suka tsallaka gada zuwa Asaba da rigar jikinsu, wasu kuma maƙwabtansu Ibo ne suka rufe su a ɗaki. Malamanmu sun sha karanta mana yadda Najjashi na Habasha ya ƙi miƙa sahabbai ga jakadun Ƙuraishawa har sai da ya kira su ya ji ta bakinsu. Abin da ake nema a kotu bai wuce wannan ba: a ji ta bakin mutum kafin a miƙa shi.

Sai dai akwai gaskiyar da dole mu faɗa wa kanmu, ko ba ta yi daɗi ba. Ba kowane baƙo ne ɗan gudun hijira ba. Ɗan uwanmu da ya zo cirani daga Tawa ko Damagaram, yana gadi ko yankan farce, in damina ta faɗi ya koma gona, wannan ba mafaka yake buƙata ba, takardar tafiya da ta zama yake buƙata. Tun 1979 yarjejeniyar ECOWAS ta ba ɗan yankin damar shiga ya yi kwana 90 ba biza. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, kodayake ƙungiyar ta ce za a ci gaba da mutunta fasfo da zirga-zirgar mutanensu har zuwa wani lokaci. Abin da aka ce har zuwa wani lokaci ba a gina gida a kansa, don haka 'yan uwanmu na Nijar su gyara takardunsu tun yanzu. Chadi da Kamaru da Afirka ta Tsakiya da Sudan kuwa dama ba sa ciki. Abin da ba za mu lamunta ba shi ne a kitsa wa ɗan cirani labarin ƙarya a tura shi neman mafaka. Ranar da aka gano ɗaya, an ɓata wa mai gaskiya goma. Haka kuma wanda ya zubar da jini ya gudo, dokar mafakar da kanta ta cire shi, ƙungiya kuma ba za ta kashe ko kwabo a kansa ba. Wanda ya san irin wannan a unguwarsa, wurin Sarki zai kai magana, Sarki ya kai inda ta dace.

Abin da muke roƙon zama mai zuwa ya amince da shi bai da yawa. A kowane gari cikin ukun nan a naɗa mutum ɗaya mai karatun boko, wanda kowa ya san lambarsa, aikinsa karanta takarda. Duk takardar da ta fito daga hukuma, ko ta mafaka ce, ko ta shige da fice, ko sammaci, a kai masa a ranar, ya rubuta kwanan watan da aka karɓa a bayanta, ya ɗauki hotonta a waya, ya duba wa'adin da aka sa a ciki. Mata su ma a samar musu mace, don akwai abin da matar da ta fito daga yaƙi ba za ta taɓa faɗa a gaban namiji ba, kuma sau da yawa abin da ta ɓoye ɗin shi ne hujjarta. Kafin kowa ya je ganawa a zauna da shi a fahimtar da shi cewa wurin nan ba wurin kawaici ba ne, ya faɗi abin da ya same shi da ranarsa da wurinsa, kada ya ƙara kada ya rage. Tafinta kuma ya zama babba, wanda zai iya cewa a dakata ban gane ba.

Game da kuɗi, ba sabon haraji muke nema ba. Abin da muke tarawa a gigice duk ranar da aka kama wani, a riƙa ware kwatankwacinsa a natse cikin asusu, a yi magana da lauya ɗaya a kowane gari tun babu matsala, don ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ta gwamnati da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, akwai kuma lauyoyin da ke ɗaukar irin wannan shari'a kyauta, amma sai an ƙwanƙwasa musu da takardu a hannu. Wani abin da da yawa ba su sani ba: ƙa'idojin shari'ar kare haƙƙi na 2009 sun yarda ƙungiya ta shigar da ƙara a madadin mutumin da ke tsare wanda ba zai iya zuwa da kansa ba. Don mu yi haka da sunanmu sai rajistarmu ta cika, ta reshe guda kuma har yau ba a kammala ba. Shugabannin reshen sun san kansu.

Iyaye kuma a taimaka a yi wa yara takardar haihuwa. Yaron da aka haifa a Garki ta Inugu ko a Oyigbo, uba ɗan Nijar uwa 'yar Katsina, ɗan Najeriya ne a ƙarƙashin sashe na 25, domin ɗaya daga cikin iyaye ya wadatar. Amma ranar da aka tsayar da shi a hanya, takarda za a tambaya.

Za a yi zaman ranar Lahadin farko ta wata mai kamawa bayan sallar la'asar, kowane reshe a inda ya saba. Mai riƙe da wata takarda ta hukuma da bai tabbatar da abin da ke cikinta ba, nasa ko na wanda ya sauka a wurinsa, kada ya jira Lahadin. Ya kawo ta ofis gobe da safe.

Wassalam.
Sakataren Ƙungiya